Rabin Garke Namiji Ne: Yadda Jikin Bijimi da Rago Ke Haɗa Iri

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

  Ina gaida makiyayanmu da ke ruga, da masu kiwon turke a cikin gari, da iyayenmu mata masu 'yan awaki da tumaki a bayan ɗaki, tun daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato har Maraɗi. Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu mazauna Madina, na unguwar Ƙurban da kewayenta, masu kama mu ta intanet.

Yau maganar namijin dabba za mu yi: bijimi, rago, bunsuru da amale. Magana ce da ake jin nauyinta, amma dukiyar bayin Allah na salwanta saboda an ƙi yin ta. Zan yi ta cikin ladabi, sai dai ba zan rage komai ba.

Idan saniya ta shekara ba ta ɗauki ciki ba, me mukan ce? Juya ce, a kai ta kara. Tunkiya ma haka, akuya ma haka. Da wuya ka ji an ce a duba wanda ya hau ta. Alhali idan mace ɗaya ce ke da matsala, ɗa ɗaya aka rasa. Idan kuwa namijin garke ne, to mata ashirin ko talatin ne za su ci abinci shekara guda a banza. Kowane ɗan da aka haifa a garke, rabin gadonsa daga uba ya fito, kuma uban nan guda ɗaya ne ga dukkansu.

Mutanen Madina sun daɗe da sanin darajar namiji a harkar noma. Ƙurban tana kudu da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ɓangaren Ƙuba, yankin da aka sani da gonakin dabino tun zamanin da. Dabino kuwa akwai namiji akwai mace. Manomi kan hau namijin ya yanko furensa, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana sa musu. Ya zo a Sahihu Muslim cewa akwai shekarar da mutanen Madina suka bar wannan barbara, dabinon bai yi kyau ba, sai Manzon Allah ya mayar musu da al'amarin, ya nuna cewa sanin sana'a yana hannun masu ita. Manomin dabino bai taɓa ɗaukar namijinsa da wasa ba, ko da yake ba ya 'ya'ya. Irin wannan kulawa nake roƙa wa namijin dabba.

(GAJEREN KIƊA)

To, me ke sa namiji ya zama namiji? A shekarar 1849, wani masani a garin Gottingen na ƙasar Jamus, mai suna Arnold Berthold, ya fiɗiye wasu 'yan zakaru. Waɗanda ya bari haka nan, zankonsu bai girma ba, ba su yi cara ba, ba su bi kaza ba, ba su yi faɗa ba. Wasu kuma sai ya mayar musu da maraina a cikin ciki, a wurin da ba nasu ba. Sai ga su sun yi zanko, suna cara, suna bin kaji. Da ya buɗe su, ya tarar marainan sun kama, jini na shiga yana fita, amma babu wata jijiyar ji da ta haɗa su da sauran jiki. Daga nan aka gane cewa maraina na zuba wani abu a cikin jini. Sai a 1935 aka iya tace abin, a birnin Amsterdam, daga marainan bijimai, aka sa masa suna testosteron. Mu ce masa sinadarin mazakuta.

Ire-iren waɗannan sinadarai, masu ɗaukar saƙo ta cikin jini daga wata gaɓa zuwa wata, su ake kira homon. Kuma umarnin ba daga maraina yake farawa ba, daga kai yake saukowa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ke sakin homon na farko, GnRH, kaɗan-kaɗan, lokaci bayan lokaci. Shi ke tada wani ɗan ƙullutun nama da ke ƙarƙashinsa, wanda likitoci ke kira fituwitari. Shi kuma ƙullutun sai ya saki homon biyu cikin jini, LH da FSH.

LH idan ya isa maraina, sai ya sa wasu ƙwayoyin halitta su haɗa sinadarin mazakuta. Shi ne ke kumbura wuyan bijimi, ya tada masa tozo. Shi ke fito wa rago da geza, ya kaurara masa ƙaho. Shi ke kawo warin bunsuru. Shi ke sa namiji ya shinshina fitsarin mace, ya ɗaga kai sama, ya yage leɓe, don ya gane ko ta zo neman barbara. Kuma in babu shi da yawa a cikin marainan kansu, ba za a haɗa maniyyi ba.

FSH kuwa aikinsa na kan wasu ƙwayoyin daban, masu renon ƙwayoyin maniyyi, suna ciyar da su har su nuna. Wani masanin Italiya, Enrico Sertoli, shi ya gano su a 1865. Yawansu a jikin dabba tun tana ƙarama yake tsayawa, kafin ta balaga. Ku riƙe wannan da kyau: ɗan maraƙin da aka tatse uwarsa ƙarƙaf aka bar shi da yunwa, da ɗan ragon da ya tashi cikin tsutsar ciki, ba za su kai inda ya kamata su kai ba, ko da an ƙoshar da su daga baya.

Akwai wani tsari kuma na Ubangiji a nan. Idan sinadarin mazakuta ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa na ji, sai ta rage umarni. Idan ya ragu, sai ta ƙara. To a nan masu neman gajeriyar hanya ke cutar kansu. Wanda ya yi wa rago allurar homon don ya yi tsoka ko ya yi ƙarfin hawa, ƙwaƙwalwar ragon za ta ɗauka kaya sun wadata, ta daina aika saƙo, maraina su kwanta, su motse. Ga ƙira a ido, ga babu iri. Haka ma maganin nan deksametazon da wasu masu turke ke ɗura wa dabba don ta cika ido, yana danne LH, yana lalata maniyyi. Don Allah, namijin da za a bar wa mata, kada allura ko ƙwaya ta shiga jikinsa sai da izinin likitan dabbobi.

(GAJEREN KIƊA)

Yanzu ga zuciyar shirin namu, kuma in ba ku riƙe komai ba, ku riƙe wannan. Maniyyi ba a yin sa a kwana ɗaya.

Wanda ya taɓa tsaga marainan rago a wurin fawa ya ga tsoka ce mai laushi. A ƙarƙashin madubin likita, tsokar nan siraran bututu ne a nannaɗe. A bangonsu ƙwayoyin iri ke rabuwa, suna sauya siffa mataki-mataki, har su yi kai da wutsiya. A jikin bijimi aikin nan na ɗaukar kwana 61 ko kusa da haka. A jikin rago da bunsuru kwana 47 zuwa 49. Bayan nan ma ba su isa aiki ba. Sai sun shiga wani dogon bututu guda da ke manne a gefen maraina, wanda in an warware shi a jikin bijimi zai kai mita 40. A ciki suke yin kwana goma zuwa mako biyu suna koyon motsi, sannan su taru a ƙarshensa, wato ɗan ƙullin nan da ake ji a ƙasan maraina. Nan ne ma'ajiya.

Ku haɗa lissafin. Irin da rago ya ba tunkiya yau, kusan wata biyu ke nan da aka fara haɗa shi. Na bijimi ya haura wata biyu. Saboda haka zazzaɓin da ya kama shi a watan jiya, da yunwar da ya sha, da ranar da ya ƙone a ciki, ba a ranar suke nunawa ba. Sai bayan mako biyu ko uku iri ya fara lalacewa, kuma kafin ya koma daidai sai an yi mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Mai dabba na ganin namijinsa ya warke, yana ci, yana hawa, sai ya ce ai lafiyarsa lau. Ita kuma tunkiya bayan kwana 17 ta dawo neman barbara, saniya da akuya bayan kwana 21. A sake hawa, su sake dawowa. Daga nan sai laifi ya koma kan mace. Hawa daban, ɗaukar ciki daban.

Babban abokin gaban wannan aiki shi ne zafi. Allah bai rataye maraina a waje don banza ba. Suna buƙatar su gaza zafin jiki da digiri 2 zuwa 6. Ku lura da rago da sanyin asuba a lokacin hunturu: jakar ta tattare, ta haye sama ta manne da ciki. Ku sake dubansa da azahar a bazara: ta saki, ta yi ƙasa, fatar ta yi santsi tana gumi. Jijiyoyin jinin da ke wuyan jakar ma a sarƙe suke, jinin da ke dawowa da sanyi yana sanyaya wanda ke saukowa da zafi. Amma wannan tsari na da iyaka. A Sakkwato da Maraɗi zafin Afrilu da Mayu na haura digiri 40. A Madina na Yuli da Agusta kan kai 43, har ya wuce. Ragon da aka ɗaure ƙarƙashin kwano, ko kan siminti mai ƙuna, ko aka taho da shi a bayan mota tun hantsi har la'asar, irinsa na dahuwa yana tsaye. Shanunmu na gida, Bunaji da Rahaji da Bokolo da Azawak, sun fi jure wannan. Bijiman Turai masu baƙi da fari da ake kawowa don madara su suka fi jin jiki.

Maganin ba mai tsada ba ne: inuwar bishiya ko rumfar kara mai shan iska, ruwa mai sanyi a gabansa kullum, kiwo da safe da yamma, hutu da rana tsaka. Mai tumaki masu gashi da yawa ya rage musu shi kafin zafi ya kankama.

Sai abinci. A ƙarshen rani ciyawa ta bushe, babu kore, sinadarin bitamin A ya yi ƙaranci, maraina kan ragu a girma. Harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da kowa, da ɗan ƙuli-ƙuli, da gishirin lasa, sukan dawo da su cikin mako shida zuwa takwas. Amma ƙiba ma illa ce. Ragon da aka turke don Layya, kitse na taruwa a wuyan jakarsa ya hana zafi fita, ga nauyin jiki da ke hana shi hawa. Abincin turke daban, abincin uban garke daban. A kula kuma da angurya: tana gina jiki, amma akwai wani sinadari a cikinta, gosifol, da ke lalata iri idan ta yi yawa, musamman ga ƙananan maza masu tasowa. A ba da ita da awo, a gauraya ta da wani abincin.

Sai cuta. Duk ciwon da ke kawo zazzaɓi na taɓa iri. Masu bincike a Shika ta Zariya sun nuna yadda sammore ke lalata marainan ragunan Yankasa da bijimai, kuma gyaruwar kan ɗauki dogon lokaci ko bayan an yi magani. Bakkale kuwa ta fi muni: tana kumbura maraina, tana sa mata ɓari, tana kama mutum ta hanyar ɗanyen nono da taɓa mahaifar da aka zubar da hannu tsirara. Sananniyar cuta ce a ƙasar Hausa da Saudiyya baki ɗaya. Namijin da aka tabbatar yana da ita ba a barinsa cikin garke. Kaska da kirci a fatar jaka ma ba ƙaramar ɓarna suke yi ba.

(GAJEREN KIƊA)

Malam makiyayi, Hajiya mai tumaki, ga abin da za ku iya yi da hannunku. Wata biyu kafin a saki namiji cikin mata, a kama shi da sanyin safiya. In rago ne, wani ya zaunar da shi kan ɗuwawunsa, bayansa na jingine da ƙafafun mai riƙon. A sa hannu biyu a tattaro maraina zuwa ƙasan jaka a hankali. Su kasance biyu, girmansu ɗaya, suna zamewa cikin jaka ba tare da mannewa ba. In ka danna da yatsa su ɗan lotsa su dawo. Wanda ya yi laushi tuɓus, ko ya yi tauri ƙyam, ko yana da zafi, ko dabbar ta zabura don ciwo, akwai magana. A shafa ƙullin nan na ƙasa: ya kasance a cike, sumul, babu ƙari. Sannan a ɗauko awon tela a zagaya wurin da ya fi kauri, a rubuta. Kowane giram na tsokar marainan rago na haɗa ƙwayoyi kimanin miliyan 20 a rana, don haka cikin sa'o'in haihuwa, wanda awonsa ya fi shi ya fi iri. Mai maraina ɗaya, wanda ɗayan ya maƙale a ciki, kada a bar shi ya haifa, don abin na bin jini. A duba kofato da gwiwa da haƙora. Gurgu ba ya hawa, mai ciwon baki ba ya ƙoshi. Inda akwai asibitin dabbobi kusa, likita zai iya ɗibar maniyyin ya duba motsinsa a madubi.

Kada kuma a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Cikakken rago ko bunsuru na iya ɗaukar mata 30 zuwa 40, matashi kuwa 15 zuwa 20 sun ishe shi. Bijimi 25 zuwa 30. Ɗan bunsuru kan fara hawa tun yana wata huɗu ko biyar, amma wannan ba ya nufin ya isa riƙe garke. Akwai wata dabara kuma: a raba maza da mata na wata guda, sannan a saki namiji. Warinsa kaɗai kan tada matan su zo kusan lokaci ɗaya, haihuwa ta zo a jere.

Masu raƙuma sun san wani abu da ya bambanta. Tumakinmu da awakinmu na haihuwa kowane lokaci na shekara, amma amale na da lokacinsa, watannin sanyi. A lokacin sinadarin mazakuta ke ninkuwa a jininsa, ya riƙa kumfar baki yana cizon haƙora, wani baƙin ruwa mai wari na tsattsafowa a ƙeyarsa, yana fito da wata jar tsoka ta gefen baki yana gurnani, abinci ma ya rage ci. Don haka ƙoshinsa kafin sanyi ya shigo ake nema. A kiyaye yara da shi a wannan lokaci, don yana iya kisa.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Kowace shekara idan Babbar Salla ta matso, wane rago muke kaiwa kasuwa? Wanda ya fi kowa. Wa muke bari? Ƙanƙanin da ba wanda ya taya. Shi zai hau uwarsa da 'yan uwansa, a haifi masu rauni, badi ma a sake cire na kirki a bar na baya. Sannan mu ce tumakin yanzu ba su kai na da ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai in an bar barewar ta haifa. Layya ibada ce, a yi ta da mai kyau. Sai dai a ware uban garke tun da wuri, a haramta wa kai kuɗinsa. Sauran mazan da ba a so su haifa, a fiɗiye su tun suna ƙanana, a hannun wanda ya iya. Dandaƙa da dutse ko muciya azabtarwa ce, ma'aikatan dabbobi na da na'urar Burdizzo mai matse jijiya ba tare da yanka ba. Fiɗiyayye ya halatta a Layya a wurin jumhurun malamai. A sani kuma, wanda aka fiɗiye da girmansa na iya ba da ciki na 'yan makonni, saboda ragowar da ke cikin bututu.

An gwada wannan hanya an ga amfaninta. A Maraɗi, cibiyar kiwon jar akuya da aka kafa a farkon shekarun 1960 ta yi aiki ne ta hanyar raba zaɓaɓɓun bunsurai ga ƙauyuka da fiɗiye waɗanda ba a so. A Tukunus ta ƙasar Filinge haka ake zaɓen bijiman Azawak. A Shika, inda aka fara gonar dabbobi tun 1928, wadda ta zama cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, ana ɗibar maniyyin zaɓaɓɓen bijimi a sa wa shanu da hannu. Ɗiba ɗaya kan isa ɗaruruwan shanu, kuma ana adana shi shekaru cikin sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

Wanda ba shi da halin riƙe namiji fa? Addini ya riga ya yi tanadi. Ya zo a Sahihul Buhari, daga Abdullahi ɗan Umar, an hana karɓar kuɗin barbara, kuma ya zo a Muslim cewa ba da aron namiji na cikin haƙƙin da ke kan mai dabbobi. Malaman Malikiyya sun yi bayanin hayarsa ta lokaci sananne, mai buƙata ya tambayi malaminsa. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, unguwa ɗaya na iya haɗa kai ta riƙe rago ɗaya nagari, a kula da shi tare, bayan shekara biyu a yi musanya da wata unguwar don kada ya hau 'ya'yansa.

Kafin mu rabu, mu sa abin a kalanda. Tunkiya da akuya wata biyar suke yi da ciki. Mai son haihuwa ta faɗo a kaka, lokacin da harawa ta wadata, a watan Yuni zai saki namiji. Ke nan irin da zai yi aikin, a tsakiyar zafin Afrilu ake haɗa shi. Tun lokacin za a kafa rumfa, a ƙara abinci, a ba da maganin tsutsa, a cire kaska, a yi awo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ya yi zazzaɓi a tsakani, a ɗaga masa ƙafa wata biyu, ko a nemo wani. Idan kuma kuka ga mata uku ko huɗu sun dawo neman barbara bayan an hau su, kada a kai ko ɗaya kara sai an kama namijin an duba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ɓangaren mace, mu ji alamomin neman barbara da lokacin da ya fi dacewa a haɗa su. Allah ya sa albarka a garkenku, ya tsare muku shi daga cuta da ɓarayi, ya ba mu damina mai albarka.  

(KIƊAN RUFE SHIRI)